Tulunan da ke Ƙarƙashin Kujeru

Saura kwana uku bikin Diyonisu, abin bautar garinmu na ƙasar Girka, mu masu shara ko rabin gidan wasan kwaikwayon ba mu gama ba. Layi arba'in na kujerun dutse a jikin tudu, kowanne sai an bi shi ana tsince ƙwallon zaitun. Bayana ya ƙage tun hantsi.

'Yata Dorka tana da shekara biyu da rabi, ba ta taɓa cewa uffan ba. Surukata Hedista kullum maganarta ɗaya.

"Kurma ce, 'yar nan. Ki daina wahalar da kanki."

"Inna, kunya ce da ita."

"Kunya? Ranar da tukunya ta fashe a bayanta ma kunyar ce ta hana ta waiwayowa?"

Na gaji da musun. Akwai farin dutse a tsakiyar da'irar da mawaƙa ke tsayawa. Kowa a garin nan ya san in ka yi raɗa a kansa, na layin ƙarshe zai ji. Na ce in akwai inda Dorka za ta ji ni a duniya, to nan ne. Na roƙi Inna ta hau da ita sama. Ta hau tana mita, gwiwoyinta na ƙara.

Na tsaya a kan dutsen. Na kira sunanta a hankali. Na sake, da ƙarfi.

"Ni dai na ji har cikin haƙorina!" Inna ta yi ihu daga sama.

Dorka ba ta waiwayo ba. Ta sulale ƙasa, ta cusa hannu a wani rami ƙarƙashin kujera, inda magina suka ajiye tulunan tagulla don su riƙa amsa muryar 'yan wasa.

Na yi kira na uku, don ban san abin da zan yi ba kuma. Muryata ta sa tagullar ta girgiza a tafin Dorka, sai ta zare hannun da sauri, ta duba tafinta, ta mayar. Ta yi dariya.

Na hau matakalar nan duka, na zauna kusa da ita ina haki. Inna ba ta ce "ai na faɗa miki" ba, ta dai miƙo mini ruwa.

Na kama hannun Dorka na ɗora a maƙogwarona, na ce, "Mama." Ta danna yatsunta, tana jira in sake. Na sake har muryata ta dishe. Sannan na goya ta, na ɗauki tsintsiya. Saura layi ashirin da biyu.