Hannun Malama Debbie

"Wannan fa, Baba?" Naziha ta sake juyo masa da fuskar kwamfuta.

Apollos ya gyara tabarau, ya matso, ya girgiza kai. "Ba shi ba ne."

Tun safe ake abu ɗaya a shagonta na buga fosta da allon talla a unguwar Luggere. Naziha kuwa ta san aikinta, rabin allunan layin nan ita ta tsara, ba a taɓa dawo mata da ko ɗaya ba. Amma dattijon nan ya so ya ƙure ta. Gobe 'yarsa Fibi za ta buɗe makarantar ƙananan yara a unguwar Ajiya, da sunan mahaifiyarta Debbie, malamar firamaren da ta rasu a hanya lokacin da suka gudo daga Michika. Shi kuma ya kafe, ba za a rubuta sunan matarsa da ƙattin haruffa irin na masu sayar da taya ba. Siririn rubutun hannu yake so, irin nata sak. To ina samfurin? Gidan ya ƙone da komai.

"Nata ya fi kwanciya gefe," in ji shi.

Ta kawo mai kwanciya.

"Kai, wannan ya cika yanga. Debbie ba ta da yanga."

Fibi, da ke tsaye bakin ƙofa, ta ce, "Baba, don Allah ka zaɓi ɗaya. In aka ɗauke wuta, ba allo gobe."

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Muryarsa ta yi ƙasa. "Ko na manta ne? Fuskarta ina gani. Rubutun ne ya ɓace mini, kuma wallahi abin yana ba ni tsoro."

"Ba ka manta ba, Baba," Naziha ta ce kai tsaye. "Da ka manta, da tuni ka ɗauki wani ka tafi." Ta juya wajen Fibi. "Adda, wa ya koya miki rubutu?"

"Mama mana. Ajinta na yi. Hannuna take riƙewa har sai na yi kuka."

Naziha ta rufe kwamfutar. Ta manna farar takarda a bango, ta miƙa wa Fibi alƙalamin maka. "Rubuta sunan. A tsaye, kamar kina gaban aji. Kada ki yi masa kwalliya."

Fibi ta ɗaga hannu ta rubuta. Haruffan suka fito sirara, a kwance kaɗan, D ɗin da 'yar wutsiya da ta lanƙwaso ƙarƙashin sauran.

Apollos ya tashi ba tare da ya mai da tabarau ba. Ya sa yatsa ya bi wutsiyar har ƙarshenta, tawada ta ɓata masa yatsa bai kula ba.

Naziha ta ɗauki hoton takardar da wayarta. "Zan ɗan ƙara masa kauri, don na cikin keke ma ya iya karantawa."

"Ƙara, 'yata," ya ce, idonsa na bango. "Amma wutsiyar nan, kada ki taɓa ta."