Gwangwani Na Biyu

Mai kantin magani ba ta taɓa tambayarsa sunansa ba. Baban Kumatu take ce masa, tun ranar da ya nuna mata hoton 'yarsa a waya, kumatu kamar an hura. Mai fenti ne, kullum da farin fenti a ƙarƙashin farcensa. Jikin yarinyar ba ya karɓar nonon saniya ko ɗigo, sai madara ta musamman, ita kuwa wuyar samu gare ta. Shi ya sa ranar da kaya suka iso ta matsa masa ya ɗauki gwangwani biyu, ta ce kada ya dawo ya tarar ta ƙare.

Satin bai zagayo ba wakilin kamfani ya shigo yana kwashe gwangwanayen daga kanta. Ya ce injin da ya zuba su ba a wanke shi da kyau ba, madarar saniya ta shiga ciki, don haka an janye su duka. Ta zauna a kan kwali. Sauran masu saye duk ta san gidajensu, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta karɓo. Shi kaɗai ne ba ta san gidansa ba, ba ta kuma da lambarsa.

Ta zaga shagunan fenti, ta leƙa gine-ginen da ake yi a unguwa. A wani bene leburori suka gane kwatancen, suka ce an kira shi a waya daga gida, ya bar buroshi cikin bokiti ya fita, bai sake dawowa ba. Tun daga nan, in jariri ya yi kuka a ƙofar kanti sai hannunta ya tsaya a kan abin da take ƙullewa. Mijinta ya yi ta ce mata ba ita ta haɗa madarar ba. Ta ce ta sani, amma ita ta ce ya ɗauki biyu.

Watanni suka wuce, sai ga shi da rana tsaka, yarinyar a kafaɗarsa tana ja masa kunne. Maganin tari ya zo saye. Ta zagayo ta karɓe ta, tana duba wuyanta da bayan kunnuwanta, har ya yi dariya ya ce ko sayenta za ta yi.

Ya ba ta labari cewa cokalin farko fuskar yarinyar ta kumbura, numfashi ya yi sama, suka kwana biyu a asibiti. Sun ɗauka jikinta ne ya daina karɓar madarar. Maganar janyewa bai taɓa ji ba sai yau a bakinta.

"To, ɗayan gwangwanin fa?"

"Ai ba mu fasa shi ba, Anti. A layin asibiti matata ta ba wata baiwar Allah. Ɗanta ma irin lalurar ce da shi, ta ce ta nema ta rasa."

Ta tambaye shi ko sun san inda take. Ya ce shi dai bai sani ba. Ya kira matarsa a nan tsaye, ita ma abin da ta tuna shi ne mayafin matar kore ne, yaron kuma yana da tabo a goshi.

Ya ɗauki 'yarsa ya fita, maganin tarin na kan tebur. Washegari da safe ta same shi a ƙofar asibitin, ya riga ta zuwa, yana kallon goshin kowane yaro da aka goyo.