Kwanon Yaya Tasi'u

Daren jiya mafarki ya kai ni ƙasar wasanmu, wasan labarin nan da Yaya Tasi'u yake ja mana a zaure kafin Allah ya yi masa rasuwa. Kowa da jaruminsa, kowa da ɗan kwanonsa. In jaruminka ya yi gudu ko ya yi faɗa, sai a jefa maka ƙwallon dabino a kwano, gajiyarsa ke nan. Kwano na cika, jarumi ya kwanta, kai kuma ka fita daga wasa. Ni ce auta, ga rawar kai, amma kwanona bai taɓa cika ba, don Yaya kan tsame nawa ya zuba a nasa, yana kallon rufi kamar ba shi ba.

A can ƙasar mafarkin kowa a ka yake ɗauke da kwanonsa. Hanya ma tana gajiya, in ta gaji sai ta naɗe kanta kamar tabarma, matafiya su tsaya jira. Wata zabuwa mai tabarau ce alƙaliyar wasa. Ina cikin gudu ta tare ni, ta leƙa kwanona.

"Baiwar Allah, kin kusa cikawa. Wanda ya cika a nan barci yake yi, barcinmu kuwa farkawa ce a wajenku."

Nan take na bar gudu, don ban yarda in farka ban ga Yaya ba.

Sai ga ni a zaurenmu, an dasa shi a tsakiyar kogi, ruwa na wucewa yana sallama. Yaya na zaune, kwanonsa ya yi tozo, wuyansa na rawa saboda nauyi. Ya ɗaga ido ya gan ni.

"Auta, har yanzu kina gudun nan naki na ba gaira ba dalili?"

"Yaya, ka cika fa. Me ya hana ka kwanciya?"

Zabuwa ce ta amsa daga taga. "Duk naki ne. Gajiyar aro ba ta kawo barci, sai mai ita ta karɓi abarta."

Yaya ya harare ta. "Rabu da ita. Zauna in ƙarasa miki labarin, ai a ƙofar Birnin Gishiri muka tsaya."

Allah ya sani ina son jin abin da ke bayan ƙofar nan, ina son muryarsa ko da lissafin awaki zai yi. Amma idanunsa sun yi jawur. Na miƙa hannu na fara kwasa ina zubawa a nawa.

"Ke, za ki farka fa."

"Na sani, Yaya."

Ya miƙe ƙafa, ya ja hula ya rufe fuska yadda ya saba. Ina jin numfashinsa ya daidaita, ƙwallon ƙarshe ya faɗa kwanona.

Injin markaɗen maƙwabta ne ya tashe ni. Jikina duk ciwo, kuma har yanzu muna bakin ƙofar Birnin Gishiri.