Jigon Ɗaga Buhun Dusa

Tun da likita ya hana Baba ɗaukar kaya saboda ciwon baya, hidimar awaki ta koma kan matarsa, Inna. Buhun dusa kuwa a kan rufin rumfa ake ajiye shi, don awakin ba su da kunya. Inna ba ta iya ɗaga buhu, sai ta riƙa ɗiba da kwano tana hawa tsani, sawu goma sha.

Baba ya yi shekara talatin yana kanikanci. Ranar da ya ga ƙafarta na rawa a kan tsanin, sai ya shiga ɗakin tarkace ya fito da bututun ƙarfe biyu, da wilin tsohon keke, da sarƙa, sannan ya leƙa ta katanga ya kira maƙwabcinsa mai walda.

"Me kuma za a haɗa, jirgin sama?" in ji mai walda.

"Jigo. Kai dai liƙa inda na nuna maka."

Kwana uku suna fama. Suka kafa bututu ɗaya a ƙasa da siminti, ɗayan suka gicciya shi a sama yadda zai iya juyawa. Wilin ya zama abin naɗe igiya, aka yi masa hannu da feda.

Da aka gama, Baba ya ɗaura buhu ya murɗa. Buhun ya tashi a hankali ya sauka kan rufin.

"Bismilla, gwada," ya ce wa Inna, yana murmushi.

Inna ta miƙa hannu, ta yi ɗage, amma yatsunta ko fedar ba su taɓa ba.

"Malam, wa ka yi wa wannan abin? Ni ko kai?"

Mai walda ya tuntsire da dariya har sai da ya dafa katanga. Baba ya sosa ƙeya, ya ɗauko abin awo ya gwada daga ƙasa zuwa gwiwar hannunta. Kafin la'asar an yanke wilin an sauko da shi.

Wannan karon da hannu ɗaya ta murɗa, buhu ya hau. Ta sauke shi, ta sake ɗagawa.

"Ai ya isa, kar ki gajiyar da shi," in ji Baba.

"Bari tukuna. Zai kai wajen durom ɗin ruwa?"

Baba ya dubi tazarar, ya ce sai an ƙara tsawon bututun. Mai walda, da ya fara naɗe wayar waldarsa, ya sake warware ta.