Malam Makau Ya Ce In Tafi Aiki

Ina ƙoƙarin ɗaga kansa in ba shi kunu, sai ya ture kofin da bayan hannu ya tambaye ni ƙarfe nawa. Na ce bakwai ta gota. Ya dube ni da idanunsa da suka faɗa, ya ce, "To mi kaka yi nan, Bilyaminu? An tada injin tun ɗazu."

Malam Makau maƙwabcina ne a Gummi, katanga ɗaya ta raba ɗakina da nasa. Tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tilo tana aure a Anka. Tun da mutanenmu suka fara gudowa daga ƙauyuka ya ɗora wa kansa aikin da ba wanda ya sa shi, ba kuma mai biyansa, wato nema wa magidanta da zawarawa abin yi. Yakan zaunar da mutum a tabarma ya tambaye shi abin da hannunsa ya iya, ya rubuta masa takarda, sannan ya sa hula ya raka shi har gaban mai aikin ya tsaya masa. Ko an ɗauke ka ba ya sakinka. Duk mako sai ya bi sawu ya ji yadda ake ciki.

Ni daga Zugu na zo, bayan an ƙone mini rumbuna an kore shanuna. Shekarata arba'in da shida, ban taɓa yi wa kowa aiki ba sai gonata. Wuri biyu ya kai ni, duka aka sallame ni, na farko don makara, na biyu don na mayar wa mai shago magana. Ban saba a aike ni ba. Malam bai yi mini faɗa ba. Zaunar da ni ya yi, ya zama shi ne ubangidan, yana daka mini tsawa ni kuma ina koyon haɗiye magana, har dariya ta kama mu. Wuri na uku shi ne injin casar shinkafa na Alhaji Isma'ila, kan hanyar fadama. Watana bakwai a can.

Da ciwo ya kwantar da Malam, kwana biyu ban je aiki ba. Alhaji ya aiko cewa shinkafar rani ta shigo, buhuna sun taru, in ban zo ranar Laraba ba zai sa wani. Ban gaya wa Malam ba, ashe ya ji ta katanga. Mutanen da ya sama wa aiki sun fi talatin, masu gadi da masu shara da 'yan dako, amma duk wanda ya leƙo da rana sai ya kore shi. Shi ya sa ɗakin ya yi tsit. 'Yarsa Mardiyya ta yi waya tana kuka, ta ce hanya ba ta biyuwa sai an sami rakiya, watakila ranar Alhamis.

Safiyar Larabar nan na ce masa ba inda za ni, aiki ai ana samun wani.

"Ba a samu," in ji shi. "Ni na san sawu nawa na yi kan wanga. In ka zauna, ka maishe ni wanda bai yi komi ba. Tashi ka tahi."

Na gyara masa matashi, na matso da buta da kofin ruwa inda hannunsa zai kai, na ɗan buɗe taga. Na roƙi Inna Hasana, mai ƙosai a ƙofar gida, ta riƙa leƙa shi. Da na kai bakin ƙofa na waiwaya, na ga ya juya fuskarsa bango. Ina jin don kada in ga wani abu in fasa tafiya ne.

Na duƙufa ina juye shinkafa a injin, ƙararsa ta toshe mini kunne. Wayata tana aljihu amma ban ji ta ba. Sai da aka kashe injin don sallar azahar na ga kira tara. Duk Inna Hasana ce. Da na kira ta, ta ce ta leƙa da hantsi yana numfashi, ta fita ta kwashe ƙosai daga wuta, kafin ta dawo ya cika. Ba kowa a ɗakin.

Liman ya ce kada a jinkirta saboda zafi. Mu goma sha ɗaya muka sallace shi, don yawancin mutanensa ba su ji ba sai da suka tashi aiki. Na ɗauki makara da ƙaiƙayi a kaina. Alhaji Isma'ila ya yi mini ta'aziyya ya ce in huta gobe, na ce masa zan zo.

Da la'asar sakaliya na koma gidan in rufe ɗakin kafin Mardiyya ta iso. Farar rigarsa tana kan igiya a tsakar gida, wadda na wanke tun shekaranjiya, ta bushe har ta yi tauri. Na sauke ta na ninke, na tsaya riƙe da ita, ban san inda zan ajiye ta ba.