Ranar Da Kawu Ya Shiga Tafki

Tsakanin shagon kawuna da ruwan tafki bai fi taku ashirin ba. Ɗaki ɗaya ne na katako da rufin kwano, kuma duk hutun makaranta can ake kai mu, ni da ƙanwata Auta. Kana shiga, ƙamshin sabulu da warin kananzir za su tare ka. Ƙugiyoyin kamun kifi suna cikin kwalbar alewa, alewar kuma tana cikin gwangwanin madara, shi ya sa ba mai iya gano abu sai shi. Ga ashana, ga batir, ga zaren gyaran komar kamun kifi, ga silifas da suka daɗe a rataye har rana ta cinye launinsu.

Masunta Kifin Tudu suke ce masa. Shekararsa talatin a wurin, amma bai taɓa tsoma ƙafa a ruwan ba, ko kwalekwale ba ya shiga.

"Kifin Tudu, zo mu kai ka tsakiya ka sha iska!"

"A dawo lafiya," in ji shi. "In na bi ku, wa zai sayar muku da ƙugiyar da kuke zubarwa kullum?"

Wata rana da hantsi, masunta duk sun yi nisa, Kawu yana auna gishiri a leda, ya ce in sa ido a kan Auta. Shekararta huɗu, ni tara. Na shagala da jera murafen kwalba, ita kuma ta bi wata agwagwa har kan gadar katakon da ake ɗaure kwalekwale. Ba abin da na ji sai tsundum.

Kafin in buɗe baki Kawu ya wuce ni a guje, gwangwanin awo a hannunsa. Ya faɗa ruwa da rigarsa da takalminsa, ya cafko Auta, ya ɗaga ta sama tana tari tana kuka. Ruwan iya ƙirjinsa ne. Daga nan ya tsaya cak.

"Kawu, fito mana!"

"'Yar nan," ya ce, "ƙafafuna sun ƙi."

Ihuna ne ya fito da wata tsohuwa da ke ƙyafe kifi a bayan shagon. Ta gyara ɗaurin zaninta ta shiga ruwan, ta kama gefen rigarsa.

"Kar ka dubi ruwa, ni za ka duba. Ɗaga ta dama. Yauwa. Ɗaga ta hagu."

Haka ta jawo shi har gaɓa. Ya zauna a ƙasa rungume da Auta. Ina ta jiran faɗa, bai yi mini ba.

Da masunta suka dawo suka soma tsokanarsu kamar kullum, na yunƙura zan ba su labari. Kawu ya girgiza mini kai. Tsohuwar ma ta ja bakinta ta yi gum.

Bayan sun watse na ce, "Don me ba za ka faɗa musu ba? Ai da sun daina yi maka dariya."

"Me zan ce na yi? Ni ban san na shiga ba, ganina kawai na yi a ciki. Da na tsaya na yi tunani..." Bai ƙarasa ba. Ya ɗauki tsumma ya hau goge kantar da ba ta da datti.

Bai sake shiga ruwan ba har ya bar duniya. Ni kuma na riƙe maganar, da farko don tsoron duka, daga baya don na ga ba tawa ba ce. Sai bayan rasuwarsa, muna kwashe kayan shagon, na gaya wa Mama abin da yayanta ya yi. Ta ajiye kwalin da ke hannunta. Sannan ta ciro waya ta kira Auta, wadda lokacin tana can wurin aikinta, ta tambaye ta ko ta ci abinci.