Ɗumin Bonet

Abu ɗaya Auta ya ce wa Malama ta riƙe, yana faɗa yana goge baƙin mai daga yatsunsa.

"Yaya, in za ki duba motar da za ki saya, ki je da sassafe, kada ki faɗa musu lokaci. Kafin gaisuwa ma, ki ɗora hannu a kan bonet, murfin injin nan. In da sanyi, a yi magana. In da ɗumi, sun riga ki tayar da ita ne don kada ki ji tarinta na safe. Ki juyo abinki."

"Kafin gaisuwa? Haka aka rene ka?"

"Ai ke kika rene ni."

Shekararsa ashirin yana kanikanci. Ita kuwa malamar firamare ce, bara ta koyi tuƙi, don dole. Sau uku a mako take kai maigidanta wankin ƙoda. Akwai ranar da motar haya ta mutu da su a hanya, layinsu ya wuce, ya yi kwana biyu ƙafafu a kumbure, numfashi da ƙyar. Tun daga ranar ta daina kallon kyan mota. Wadda za ta tashi kawai take nema.

Gidan da ake sayar da motar yana ƙarshen wani lungu. Wata dattijuwa ce ta buɗe mata, ta yaye tamfol. Motar ruwan toka ce, ta haura shekara ashirin, amma ko ƙwarzane babu. Malama ta gaishe ta tukuna, sannan ta ɗora hannu.

Da ɗumi, kamar goshin mai zazzaɓi.

"Shekara biyu ba ta fita ƙofar nan ba," in ji dattijuwar. "Tun rasuwar mai ita, maigidana."

Malama ta sunkuya. Gizo-gizo ya yi saƙa daga taya zuwa siminti, ba a taɓa tsinka ta ba. Ke nan gaskiya aka faɗa mata. Ta sake taɓa bonet ɗin. Ɗumin na nan.

"Mama, wa ya tayar da ita?"

Dattijuwar ta daɗe tana gyara bakin mayafinta.

"Ni ce, 'yata. Ban iya tuƙi ba, tayarwa kaɗai ya koya min. Ya ce mota ba ta son zama, ko ba za a je ko'ina ba in riƙa tayar da ita, minti goma. Kullum ƙarfe shida nake shiga in zauna. In ta yi ƙara sai gidan ya zama kamar da mutum."

Malama ta buɗe ƙofa ta zauna. A kusurwar gilashin gaba akwai wata takardar shiga da rana ta cinye. Ba sai ta karanta ba, irinta ce a jakarta, ta sashen masu wankin ƙoda. A bayan kujera ga ɗan bokiti mai murfi da tawul a ninke. Shi ma ta san amfaninsa, don in an taso daga wankin, amai ba ya jiran a iso gida.

"Shekara nawa ya yi yana zuwa?"

"Huɗu. Da kansa yake tuƙawa. Ko sau ɗaya ba ta ba shi kunya ba."

Malama ba ta tambayi abin da ya faru bayan huɗun ba. Nata maigidan yana cikin ta biyu.

Ta kira Auta a waya, ta gaya masa komai.

"Yaya, kowane mai sayarwa da labarinsa. Na ji na marayu, na ji na mai tafiya ƙasar waje. Ni inji nake saurare. In da gaske take, gobe kada ta murɗa makullin sai na zo."

Da ta isar da saƙon, dattijuwar ta dubi motar, ba ta dubi Malama ba.

"Gobe kawai?"

"Gobe kawai, Mama."

Washegari ƙarfe bakwai suka iso. Suka tarar da ita zaune a kan kujerar roba a gefen motar, makullin a tafin hannunta, ta damƙe shi har ya yi mata shaida. Auta ya taɓa bonet, sanyi ƙalau. Ya murɗa sau ɗaya, motar ta tashi. Ya zagaya ya tsuguna wajen salansa, ya shinshina hayaƙin, ya zaro sandar mai ya duba, ya kara kunne a jikin injin.

"Tayoyi za a sauya, sun bushe," ya ce a hankali. "Amma wannan ba a ci amanarta ba. Ɗauki, Yaya."

Da za su fita, Malama ta miƙo bokitin ta taga. Dattijuwar ta girgiza kai.

"Bar shi a ciki. Nan ne wurinsa."

Wata bakwai motar ba ta yi gardama ba ko sau ɗaya. Auta har tsokana yake yi, wai tsohuwar motar ta hana shi cin kuɗin gyara a hannun yayarsa. Abu ɗaya ne Malama ba ta gaya wa kowa ba. In sun kusa kwanar asibitin, sitiyarin yakan yi mata sauƙi a hannu, kamar an taya ta juyawa.

Wata safiyar Lahadi, ranar da babu wanki, tana haɗa masa magungunansa, maigidan ya yi magana daga kan gado, idanunsa a rufe.

"Malama, kin tayar da motar yau?"

"Ina za mu je?"

"Ba ko'ina. Mota ba ta son zama. Ko ba za a je ko'ina ba, ki riƙa tayar da ita. Minti goma ya isa."

Malama ba ta taɓa ba shi labarin dattijuwar ba. Ta dubi agogon bango, shida saura kaɗan.

Ta ɗauki makullin ta fita. Ta ɗora hannu a kan bonet, ta ji sanyi. Ta daɗe a tsaye a haka. Sai da ta jiyo tarinsa daga ɗaki, sannan ta buɗe ƙofa ta shiga.